Fusena da Sarƙar Madam Dora

Fusena ta shekara ashirin da biyu tana sharar gidajen gwamnati a Tamale kafin wani mahaluki ya kira ta ɓarauniya, kuma wadda ta faɗa ɗin ko shekara ɗaya ba ta cika a garin ba.

Uban Fusena Bakano ne, farken goro, wanda ya biyo hanyar Salaga ya yada zango a Tamale, zangon da bai tashi ba har ƙasa ta rufe idonsa. Uwarta Badagomba ce, 'yar Gbalahi. Wajen uban ta gaji Hausa tsantsa da ɗaga kai, wajen uwar ta gaji ƙarfin hannu da ƙarancin magana. Sau ɗaya ta yi aure. Mijin direban babbar mota ne, ya kife da lodin doya a hanyar Kumasi, ya bar ta da 'ya mace guda. Masu zuwa zawarci sun zo, ta riƙa auna su da ido tun daga takalmi har hula, ba wanda ya dawo karo na uku. Da ta ga zama ba zai ciyar da yarinya ba, sai ta ɗauki tsintsiya ta nufi unguwar Turawa.

Gida mai lamba shida aka ba ta, a nan kuma ta tsufa. Turawa biyar suka zauna a cikinsa ɗaya bayan ɗaya, duk ta ga zuwansu ta ga tafiyarsu. Akwai wanda yake hira da karensa kamar ɗan'uwansa, har ya bar shi ya lasar masa baki. Akwai wanda matarsa ta suma don ta ga tsaka a bango. Mutanen gari in sun hango Bature sai su tuɓe takalmi, ita kuwa Fusena ko gezau. Takan ce wanda kake kwashe wa ƙazanta kullum safiya ba ya yi maka kwarjini. Amma aikinta ba a kushe shi. Ta tsinci zobe a bayan gado, ta tsinci agogo a aljihun wandon wanki, duk ta ɗora su bisa tebur ba tare da ta jira godiya ba. Matan Turawa sukan tafi hutu ƙasarsu su bar mata makullan gida wata huɗu.

Da aka sami mulkin kai, Turawa suka fara ɗaure akwatuna, 'yan boko daga kudu suka hau kujerunsu, suka kuma gaji gidajensu da gadajensu da masu yi musu shara. Lamba shida ta faɗa hannun Mista Kwesi, babban akawu a wani ofishin gwamnati, mutumin bakin teku, da matarsa Madam Dora.

Tun ranar farko Fusena ta gama karanta matar. Madam ta shigo da takalmi mai tsini, ta shafa yatsa a kan taga, ta duba, ba ƙura, ta sake shafawa a wata tagar, nan ma babu, sai ta yamutsa fuska kamar an cuce ta. Ta sami 'yar ƙararrawar da matar Bature ta bari, ta ɗauke ta abin wasa: in tana son ruwan da ke gabanta ma sai ta kaɗa. Tana sa safar hannu zuwa coci a zafin Tamale, gumi na ɗiga daga gwiwar hannunta. Tana shan shayin ƙarfe huɗu ita kaɗai, ƙaramin yatsa a sama. Gwangwanayen biskit da suka ƙare tun tuni tana jera su a kabad ɗin falo don baƙi su gani. Arewa kuwa a wurinta daji ce: ba kifi, ba iska, ba mutane.

Abin da ya fi ci wa Fusena rai shi ne kiran. Duk Zongo, unguwar Hausawa inda take zaune, Mma Fusena ake ce mata, har limamin unguwa. Madam kuwa, wadda ba ta girmi 'yar Fusena da shekara biyar ba, sai ta buɗe murya da Hausarta ta kasuwa wadda ba ta raba mace da namiji:

"Kai Fusena, ka zo nan."

Fusena takan je. Takan tsaya, hannu a baya, ido a ƙasa, tana duban ƙafafun Madam da takalmi ya matse har yatsu sun hau juna, a ranta tana cewa samun wuri, kuturu da gaɗa cikin rama.

Madam tana da sarƙar zinariya guda, mai kauri, da ɗan abin lilo mai siffar ƙaguwa. Ta gaje ta wajen uwarta, kuma ba baƙuwar da za ta shigo gidan ta fita ba ta ji tarihinta ba. Ranar da mulkin kai ya cika shekara ɗaya, manyan ma'aikata suka shirya walima da rawa a kulob ɗinsu. Madam ta yi mako biyu tana shiri. Da hantsin ranar, ta zauna gaban teburin madubi, ta ja aljihun tebur na sama inda take ajiye sarƙar, ba sarƙa.

Ƙararrawa ta yi ta kuka kamar gobara ta tashi. Fusena ta shigo daga wanki da kumfa a hannu. Iddrisu kuku, wani dattijo mai sanyin hali da ya daɗe a gidan kusan kamar ita, ya tsaya daga bakin ƙofa da ludayi. An zazzage aljihunan tebur a kan gado, hoda ta zube, an ɗaga katifa. Mista Kwesi na tsaye a gefe da jarida a hannu. Shi mutum ne da in ya yi tsawa a ofis masinjoji har tuntuɓe suke yi, amma a gida muryarsa ba ta wuce ta sauro ba.

Fusena ta dubi teburin madubin, nan take ta gane abin da ya faru. Teburin na gwamnati ne, ya girmi auren Madam. Katakon bayan aljihun sama ya daɗe da motsewa, ya bar tsaga. In aka cika aljihun da kaya aka tura shi da ƙarfi, abin da ke can ƙarshe yakan zame ya faɗa cikin wani kogo a gindin teburin. Shekaru goma sha da suka wuce zoben wata Baturiya ya faɗa nan, Fusena da kafinta suka fito da shi. Madam kuwa ba ta san rufe aljihun tebur a hankali ba, bugawa take yi.

Har Fusena ta buɗe baki za ta faɗa, sai Madam ta juyo.

"Kai ne kake shiga ɗakin nan. Ina ka kai sarƙa na?"

"Madam, ki bari in…"

"Ɓarawo. Duk ku haka kuke. Na sani tun ranar da na gan ka."

Ta kai hannu ta fizge ɗankwalin Fusena, furfura ta bayyana a gaban maza biyu. Iddrisu ya kau da kai. Mista Kwesi ya ce wani abu da Turanci, a hankali, matar ta daka masa harara, ya koma cikin jaridarsa.

Fusena ta rufe bakinta. Da farko lissafi ta yi: in ta nuna wurin yanzu, cewa za a yi ita ta ɓoye, tsoro ya sa ta fito da ita. Amma ba lissafin ne ya riƙe harshenta ba. Duban matar ta yi, jan baki ya zarce leɓe, jijiyar wuya ta tashi, ta ji ba za ta iya durƙusawa ta zura hannu a gindin tebur don wannan halitta ba. Ta ce a ranta, nemi abinki.

Madam ta kai ta ɗakin wanka ta sa ta kwance zani. Ta warware ƙullin bakin zanin da hannunta, ta sami ɓarin goro, da makullin ɗaki, da carbi. Ta watsar da su ƙasa. Fusena ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta goge carbin, ta ɗaura zaninta ba tare da gaggawa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da watakila ya mutu cikin bango huɗu. Amma Madam ta ce sai an je an binciki ɗakinta. Aka sa Fusena a bayan mota, karo na farko da ta taɓa shiga motar gidan. Gari ya cika da tutoci, 'yan makaranta na dawowa daga maci, makaɗa na ta kiɗa a bakin kasuwa. Motar ta kutsa lungunan Zongo har ƙofar gidan da Fusena ke haya. Kafin a kashe inji, mata sun fito, yara sun kewaye, masu zaman dakali sun miƙe.

Madam ta toshe hanci da hankici ta shiga ɗakin. Ta fito da kwanonin sha da langogin da Fusena ta jera shekara da shekaru, ta baza su a tsakar gida. Ta zazzage akwati, ta kwance ƙunshin likkafanin da Fusena ta tanada wa kanta, ta girgiza shi a bainar jama'a. Ta leƙa randa, ta zura sanda a tukunyar gero. Fusena na tsaye jikin bango, hannu a ƙirji, tana kallonta yadda ake kallon akuyar da ta shiga rumbun da ba kowa a ciki.

Da ba a sami kome ba, Madam ta ce, yadda kowa zai ji, "Ya riga ya sayar. Kada ka sake zuwa gida na."

Fusena ta ce, "Sauka lafiya, Madam. Ki kula da kwata, takalminki sabo ne."

Da yamma ƙanenta Sidiki ya zo. Masinja ne a ofishin Mista Kwesi, yana tsoron kada ya rasa abincinsa.

"Yaya, ki taimake ni. Mu je da liman ki dafa Alƙur'ani a gabansu, ki ba ta haƙuri, magana ta wuce."

"Haƙurin me zan ba ta?"

"Ai ba don kin ɗauka ba. Don a zauna lafiya."

"In ɗauki Littafin Allah in kai shi gaban wadda ta watsar mini da carbi a ɗakin wanka? Sidiki, tashi ka tafi gida. Kai ka saba rusuna wa wando, ni ban iya ba."

Ko shi ba ta gaya masa inda sarƙar take ba. Ba ta gaya wa 'yarta ba da ta zo daga gidan mijinta a Gurugu tana kuka. Ta riƙe abin a cikinta kamar goron da ake tsotsa a hankali, ɗacinsa na yi mata daɗi. Duk sanda ta tuna Madam na zama gaban madubin nan kullum safe, tana shafa hoda, sarƙar na kwance ƙasa da gwiwarta da taki ɗaya, sai ta ji wani sanyi a ranta.

Ta sayi tukunya da kasko ta fara koko da ƙosai a bakin tashar mota. Ciniki ya zo, don hannunta na da tsabta. Amma magana ta riga ta fita. Matan da ta yi wa wankan jego suka fara ɗauke 'yan kunnensu daga kan tabarma in ta shigo barka. Wata ta ce, ai ruwa ba ya tsami banza, daga ina ta sami jarin tukunya? Fusena ta ji, ta ƙara su cikin jerin waɗanda ba ta ɗauka bakin kome ba. Jerin ya yi tsawo a shekarar nan.

Wadda ta maye gurbinta a lamba shida Sala ce, wata bazawara daga Kasalgu mai 'ya'ya uku, siririya, mai yawan "to, to" tun ba a gama magana ba. Takan biyo ta tasha da safe ta durƙusa ta gaida Fusena, ita kuwa ta amsa da ƙyar, tana juya ƙosai. A ganinta mace mai zuciya ba ta shiga gidan da aka tuɓe tsohuwa.

Wata takwas suka wuce. Ran nan da hantsi, bayan an gama girbin gero, sai ga Iddrisu kuku da kwandon cefane, fuskarsa ba daɗi.

"Mma Fusena, abin ya sake faruwa. Ɗan kunne ƙwaya ɗaya ya ɓace. Madam ta kulle Sala a sito tun safe, ta ce in maigida ya dawo cin abincin rana za a kira 'yan sanda. Yarinyar nan kuka take har muryarta ta dushe. Ta ce wa zai riƙe mata yara in an ɗaure ta."

Fusena ta tsaya da matsami a hannu har ƙosan da ke kasko ya fara ƙonewa. Abin da ya ci Doma ashe ba zai bar Awai ba. Wata takwas tana jin daɗin shirunta, ko sau ɗaya ba ta kawo a ranta cewa ramin na nan buɗe, kuma akwai wata mai tsintsiya a bakinsa.

Ta bar wa maƙwabciyarta mai waina tukunya, ta koma gida ta ɗaura zaninta na zuwa suna, ta yafa mayafi. Ta isa lamba shida daidai da motar Mista Kwesi. Shekara ashirin da biyu ta ƙofar baya take shiga gidan nan. Ran nan ta hau matakalar gaba, ta yi sallama a falo.

Madam ta miƙe. "Me ka zo yi? Fita."

Fusena ba ta ko dube ta ba. Ta fuskanci mijin.

"Maigida, ka biyo ni ɗaki, kai da Iddrisu. Ba zan taɓa kome ba. Hannunka zai yi aikin."

Ya dubi matarsa, ya dubi tsohuwar, abin mamaki sai ya bi ta. Fusena ta tsaya nesa da teburin madubi, hannu a baya. Ta ce ya zare aljihun ƙasa gaba ɗaya ya ajiye gefe. Ta ce ya durƙusa ya zura hannu ta baya, can ƙasa. Babban akawu ya durƙusa da farin wandonsa, kunci a jikin katako, yana lalube. Ya fito da matacin kai na wata Baturiya da ta bar ƙasar tun kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare. Ya fito da kashin ɓera cikin tafi. Ya fito da ɗan kunne. Sannan ya jawo sarƙar, yanar gizo ta nannaɗe ƙaguwar.

Madam ce ta fara samun baki.

"Shi ya sa a can. Ya ɓoye, yanzu ya zo ya nuna."

"Ɗan kunnen fa, Madam?" in ji Fusena. "Wata takwas ban tako gidan nan ba. Ko aljanuna na aiko?"

Mista Kwesi ya tashi yana kaɗe gwiwa, ya tura aljihun sama da ƙarfi don ya gwada, wani ɗan maɓalli da ke ciki ya zame, kowa ya ji faɗuwarsa a gindin teburin.

Ya ce, "Mma, kin san wannan tun ranar?"

"Na sani."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ba a tambaye ni inda take ba. An tambaye ni inda na kai ta."

Ya sunkuyar da kai, ya ce ta dawo aiki, za a ƙara mata albashi. Fusena ta ce ita ta bar shara. In dai gyara ake so, motar da ta shiga Zongo ranar tutoci ta sake shiga, Madam ta fito ta tsaya a tsakar gidan nan ta faɗi inda aka sami sarƙa. Mista Kwesi ya ce lalle za a yi. Ta dube shi ta san ba za a yi ba.

Iddrisu ya karɓi makulli ya buɗe sito. Sala ta fito, idanu sun kumbura, garin rogo ya manne mata a zani. Aka gaya mata abin da ya faru. Fusena na jiran ta durƙusa kamar yadda ta saba, amma Sala ta tsaya a tsaye.

"Mma, ashe kin san ramin nan, kullum ina gaishe ki a tasha, ba ki ce mini in kula ba?"

Fusena ta kau da kai. Sala ta share fuska da gefen zani, ta ɗauki tsintsiyarta ta koma bakin aiki, don yara uku ba sa cin zuciya.

Mota ba ta zo Zongo ba. Bayan mako guda aka aiko Sidiki da turmin atamfa mai tsada, ba saƙo, ba gaisuwa. Sidiki na ta murna, ya ce ai wannan ban haƙuri ne irin na manya. Fusena ta karɓa, ta sa reza ta yayyanka shi a gabansa. Wani ƙyallen ta yi gammo, wani ta riƙa sauke tukunya da shi, sauran ta yi tsumman goge kasko. Duk wanda ya tambayi dalilin wulaƙanta sabon zane, sai ta ba shi labarin teburin madubi, tana kwaikwayon muryar Madam da durƙuson maigida, masu jiran mota na dariya har da riƙe ciki. Ta haka labarin ya zaga garin. Matan da suka riƙa ɓoye 'yan kunne suka dawo suna cewa su dama ba su taɓa yarda ba. Ta sayar musu da ƙosai, ba ta taɓa yi musu gyara ba.

Shekarar da ƙasa ta zama jamhuriya aka mayar da Mista Kwesi kudu. Sala ta ci gaba da aiki a gidan a ƙarƙashin waɗanda suka biyo baya, har ta aurar da 'ya'yanta. Kullum safe takan bi ta tasha, ta ce "Ina kwana, Mma," daga tsaye, ta wuce. Fusena takan ƙunsa ƙosai masu zafi ta miƙa mata, wani lokaci ta karɓa, wani lokaci ta ce ta karya. Har ƙarfin Fusena ya ƙare 'yarta ta ɗauke ta zuwa Gurugu, ba wanda ya tsira daga bakinta, daga direbobi har 'yan siyasa masu zuwa da lasifika. Amma in hira ta biyo ta kan Sala, sai ta yi shiru ta gyara itacen murhu.